Shekarun Mai Jaka

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya baƙunta? Ina fata tarin nan da kika ce yana damunki ya sake ki. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. Babanki hannun damansa ne ya shanye, kunnensa kuwa sai ƙara kaifi yake yi. Da na ɗaga waya zai ce a buɗe murya kowa ya ji, ni kuma maganar da zan yi miki ba ta kunnensa ba ce.

Kin tuna abin da likitar gashin ƙashi ta faɗa tun kina nan: in bai dinga motsa yatsun nan ba a 'yan watannin nan, za su sandare a naɗe, shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya dinga matsawa. Ya ce shi da ya yi hedimasta har ya yi ritaya ba zai zauna yana matsa ƙwallo kamar ɗan yaye ba. Yanzu kyanwa ce ke yin gashi da ƙwallon. Biro kuwa ko kallonsa ba ya yi. Mutumin da malamai ke leƙowa ajinsa don su ga rubutunsa a allo, ranar da aka kawo takardar fansho dangwala yatsa ya yi, kuma ranar bai ci abinci ba. Abin nan ya tsaya mini a rai.

To, na'urar gem da kika aiko ta iso, yayanki ya haɗa ta da talabijin. Babanki ya ce aikin banza, makaho da waiwaye, ya buɗe jarida ya rufe fuska. Yayanki ya zauna yana bugawa. Mutumin cikin gem ɗin mun sa masa suna Mai Jaka, don kullum da jaka a bayansa, da hula mai faɗi, kuma ƙeyarsa kawai ake gani. Ba ya magana, sai nishi. Wai wani gida yake nema a can ƙololuwar dutse.

Ina ninke kaya na ga ya faɗa gidan mutane ba sallama, ya farfasa musu tukwane, ya buɗe akwatinsu ya kwashe abin ciki, masu gidan suna tsaye suna kallonsa. Na ce kai, wannan yaro bai samu tarbiyya ba. Sai jarida ta sauka. Wai wa ya gaya mini yaro ne? In dubi yadda yake dafa gwiwa in ya diro, in saurari nishin nan, wannan dattijo ne, ya haura sittin. Na ce dattijon da ke fasa tukwane? Ya ce a juyo da shi a ga fuskarsa. Yayanki ya ce ba ya juyowa, sai dai ko a ƙarshen gem. Babanki ya ce to a ba shi abin nan, shi zai kai shi ƙarshen.

Auta, ya riƙe rimot da hagu, ya ɗora daman a kai kamar an ajiye tsumma. Can sai na ga babban yatsa ya motsa, Mai Jaka ya yi tsalle. Na shige kicin na sha kukana, da yayanki ya leƙo na ce albasa ce.

Ga abin da nake roƙonki. Zai kira ki ya tambayi shekarun mutumin nan. Ko kin sani, ba ki sani ba. Babanki ba zai motsa hannu don likita ba, ba zai motsa don ni ba, amma don ya ƙaryata ni zai hau dutse.

Ki dinga cin abinci a kan lokaci. Allah ya yi miki albarka.

Taki,
Mahaifiyarki

*

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Na gode da kika riƙe amana. Ya ce an kashe kuɗi an kai ki makaranta, ga shi ko shekarun mutum ɗaya ba ki sani ba.

Falonmu ya zama kotu. Hujjar babanki ita ce Mai Jaka ba ya wuce allon hanya sai ya tsaya ya karanta, saboda haka tsohon malamin makaranta ne. Na ce ai kai kake tsayar da shi. Ya ce ba ya zama kusa da wuta sai ya miƙe ƙafa ɗaya, alamar sanyin ƙashi. Na ce wane dattijo ne zai ga matakala ya bar ta ya diro ta rufin ɗaki? Wane magidanci ne zai tsinci abinci a akwatin cikin kogo ya ci bai ko shinshina ba? Rigarsa a yage take tun daga farko, kuma ba wadda ta ɗinke masa, ashe gwauro ne. Ya ce wataƙila matar ce irin wadda surutu ya hana ta neman allura. Na haɗiye wannan, amma ban manta ba.

Abokinsa Tela ya zo dubiya, muka sa shi alƙalanci. Ya kalla ya kalla, ya shanye mana shayi, sannan ya ce shi dai a ganinsa ɓarawo ne kawai, ɓarawo kuwa ba a tambayar shekarunsa. Ranar ce kaɗai ni da babanki muka haɗa baki, muka yi masa caa har ya nemi takalminsa. Yayanki kuma, sarkin gwaninta, ya zaro waya wai bari ya duba a intanet a huta. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, har yau yana ɗingishi.

Likitar gashi ta zo ta ga yatsu biyu suna motsi, ta yaba wa ƙwallonta. Ni da kyanwa ba mu ce komai ba.

Amma Auta, na yi ɓarna, shi ya sa na zauna rubuta miki. Babanki da Mai Jaka sun kai wata gadar igiya a kan kwazazzabo. Ba a haye ta sai an danne madanni da ɗan manuni, ana kuma juya wani da babban yatsa, duk a hannun dama. Ɗan manunin ne bai farka ba tukuna. Da ya kai tsakiya sai yatsan ya saki, Mai Jaka ya yi ihu ya rufta. Ya sake, ya rufta. Tun ina dariya har na daina. Rannan da yamma na dube shi, zufa ta jiƙa masa wuyan riga, ya ciji leɓe. Tausayi ya kama ni. Na ce masa ya huta haka, na yarda, dattijo ne, shi ke da gaskiya.

Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa ba shi gaskiya da sauƙi haka ba, kuma ya sani. Ya dube ni ya daɗe. Ya ajiye rimot a hankali, ya ce to in dattijo ne ba mamaki da ya kasa hayewa, tsoho ai sai zama. Tun ranar bai sake taɓa shi ba. Ya koma bayan jaridarsa, hannun yana kan cinya a naɗe.

Na so in yi gyaran gira na tsone ido. Ina jin tsoro, kuma ina jin haushin kaina. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Mahaifiyarki

*

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, ya sanyin garin naku? Shawararki ta a ba shi haƙuri na gode, amma ba ki san babanki ba. Haƙuri ne ya kwantar da shi.

Ga abin da na yi. Na bari ya zauna da jaridarsa, na ja kujera gaban talabijin, na ɗauki rimot da kaina. Ke, ashe abin nan ba wasa ba ne, ko da yake wasa ne. Na kai Mai Jaka ya rungumi bishiya, na sa shi ya yi ta zagaye wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure. Da ƙyar na kai shi bakin gada, taku biyu ya rufta. Sai na juya wajen kyanwa, na gaya mata da ƙarfi cewa yanzu da na riƙe shi da hannuna na tabbatar yaro ne, ɗan bana bakwai ma kuwa, don mai hankali ba zai taka wannan igiya ba. Na ce maganar da na yi rannan na janye ta, zafin rana ne.

Jarida ta yi motsi. Wata murya daga bayanta ta ce ba laifin mota ba ne, laifin direba ne. Na ce wa kyanwa masu iya tuƙin ai sun ajiye makulli. Na sake jefa shi kwazazzabo, wannan karon da gangan, ina cewa tafi can, mara kunya.

Fizge rimot ɗin ya yi. Da dama, Auta. Shi bai ma lura ba, yana ta faɗa wai zan kashe bawan Allah a banza. Bai haye ranar ba, bai haye washegari ba, amma kullum sai na tsaya a kansa ina yi wa yaron ta'aziyya. Ranar da ya haye kuwa, ihun da ya yi sai da maƙwabciyarmu ta shigo da gudu ba takalmi, ta ɗauka ciwon ne ya dawo. Ta tarar da shi yana nuna ni da ɗan manuni, yatsan a miƙe sambal, yana cewa in gaya wa duniya ko yaro zai iya wannan haƙurin.

Wani abu kuma da zai ba ki dariya. Da farko da gangan nake musun, yanzu wallahi na yarda da maganata. Bayan gadar nan Mai Jaka ya kwana a kan dutse ba shimfiɗa, ya tashi garau ko miƙa bai yi ba. Ki gaya mini ɗan sittin ɗin da zai yi haka. Jiya har na ƙona tukunya ina kawo hujja.

Sun kusa gidan kan dutsen, ana hango fitilarsa. Gabana yana faɗuwa, don in aka nuna fuskar nan musu ya ƙare, kuma ƙananan yatsu biyu ba su gama saki ba. Ki fara nemo mana wani gem ɗin, wanda mutumin cikinsa ba a gane masa gaba balle baya.

Allah ya tsare mini ke.

Taki,
Mahaifiyarki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kina kuma riƙe da aikinki da gaskiya. Zan taƙaita.

Na kai Mai Jaka gida. Da ya isa ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙofa, wanda ke nuna yana da tarbiyya, sauran gidajen uzuri ne ya sa. Aka buɗe. Ya cire hula. Kansa tal, ba gashi ko ɗaya. Ya shiga, aka rufe ƙofa, sunayen waɗanda suka yi gem ɗin suka fara hawa a talabijin. Bai juyo ba.

Sanƙo ne, kowa ya gani. Uwarki ta ce aski ne irin na samarin zamani. Shekaru ina koyar da yara masu taurin kai, ban gamu da irinta ba. Na koma farkon gem ɗin ina tara hujja. Ke kuma ki rubuta wa kamfanin da ya yi shi, ki aiko mini da amsar ni kaɗai.

Ko kuma ki bari, ba sauri. Na ga lokacin da ta taka wa yayanki ƙafa, hannuna ne ya shanye ba idona ba. Kada ki gaya mata na gani. Tana jin daɗin abinta, kuma duk da haka ba ta da gaskiya.

Rubutun nan da ɗalibi ne ya kawo mini, biyu bisa goma zan ba shi, in ce ya sake. Layin ya karkace, baƙaƙen kamar kaza ta bi ta kan takarda. Amma nawa ne. Takardar fansho ta wannan watan ma da biro na sa hannu, na mayar musu da abin dangwalensu.

Ga uwarki can a bakin ƙofa tun ɗazu tana kallon biron nan, wai albasa ce ta shiga mata ido. A falo muke.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
da hannunsa