Inna, Watan da Al'adata Ta Yi Jinkiri

Assalamu alaikum warahmatullah.

Inna, ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga mahaifiyarta, duk da na san ba za ki amsa ba. Mu nan Hadejia lafiya lau, yara suna makaranta, surukinki yana fama da noman rani a fadama.

Na daɗe ina juya wannan wasiƙa. Na rubuta na goge, na sake rubutawa, don na san masu karantawa wasu za su ce ba maganar fili ba ce. Wataƙila suna da gaskiya. Amma ni ɗiyar fari ce, ko sunana ba ki taɓa faɗa ba, sai dai "ke yarinyar nan". Ranar da na fara al'ada ƙanwarki kika tura ta yi mini bayani, ke kuma kika shige madafa. Da kina raye da ban iya buɗe baki ba. Yanzu ne kunyar ta ɗan sassauta mini.

Kin san yadda haihuwar autana ta kasance, domin ke kika zauna a kaina. Hawan jini, jijjiga, ƙarin jini. Kina tsaye likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da ni. Da muka fito kika dubi surukinki, mutumin da ba kya haɗa ido da shi, kika ce, "Malam, ka ji dai." Ya ji, Inna. Shi ya fara kai ni aka yi mini allurar tazara. Da allurar ta sa ni zubar jini ba ƙaƙƙautawa, shi da bakinsa ya ce a bar ta, nauyin ya dawo kansa. Tun daga nan kwaroron roba muke amfani da shi.

To amma kin san shi da kunya. Mai kemis ɗin unguwarmu sahu ɗaya suke a masallaci, don haka ba ya saye a nan. Sai ranar da ya kai tattasai kasuwar Malam Madori ya sayo da yawa a inda ba a san shi ba. A ɗaki kuma yara ba sa barin komai, har ƙarƙashin katifa. Sai ya samo dabara: ɗan akwatin gefen babur, inda ake ajiye sifana, dab da inji. Babur ɗin nan shi ne mai yini a rana bakin fadama tun safe har la'asar. Ni da nake auna gishirin miya da cokali, ban taɓa tambayar inda yake ajiyewa ba.

A tsakiyar Sha'aban robar ta yage. Ba zan ƙara a kan haka ba. Muka kwana biyu ba mai duban idon wani.

Azumi ya kama, lokacina ya zo ya wuce. Inna, a gidan yawa ba a ɓoye wannan. Kowa ya san mai fashin sallah da mai yi, buta kawai za a kalla. Ke ma haka kike gane cikin matan unguwa tun kafin su faɗa wa mazajensu. Ranar nan muna jajjagen kayan buɗa-baki facalata Ladidi ta leƙo fuskata ta ce, "Bana babu hutu ke nan? Ko mu fara tanadin itacen wanka, tsohuwar zuma?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Taɓaryar ce dai ta yi mini nauyi a hannu.

Na shiga lissafi kamar yadda na saba. In ƙirga daga nan, in ƙirga daga can, in ce wataƙila ni na yi kuskuren ranar watan jiya. Jiri ya ɗebe ni, in ce ciki ne, can in ce ai azumi ne da zafin bazara. Na riƙa jin muryarki: "Ke dai da lissafi, sai ka ce rahoto za ki kai wa mala'iku." Na kan zauna ina kallon auta yana cin abinci, ina tunanin wa zai san ba ya son kuɓewa in ba ni.

Surukinki bai tambaye ni ba ko sau ɗaya. Sai dai in ya dawo daga masallaci, idonsa kan sallayata yake fara sauka. In ya gan ta a shimfiɗe, ya ce sannu, ya wuce. Ya daina cin sahur na kirki. Na gan shi da la'asar tsugune gaban babur, ya kwashe sauran robobin, yana murza ɗaya a hannu, takardar duk ta yi laushi da zafi.

Daga ƙarshe na je wurin maƙwabciyarmu Maman Rahila, nas ɗin nan 'yar Filato da kike aika wa dambu. Ta saurare ni tsaf, sannan ta yi mini faɗa irin naki, a hankali. Ta ce da na zo a kwanakin farko akwai ƙwayar gaggawa da ake sha, kuma mai irin larurata ba ta zaman jira. Da ta ji zancen akwatin babur sai ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Ta ce zafi yana kashe roba, ko sabuwa ce. Ta auna jinina, ta gwada fitsarina, ta ce babu ciki. Ta ce damuwa da azumi da shekaru arba'in duk suna iya jinkirta al'ada, amma in ta ƙara mako ba ta zo ba, in dawo a sake.

Kin san ni. Kafin in kai gida na fara zargin abin gwajin. Ban faɗa masa ba, don kada in ba shi murnar da zan karɓe.

Al'adar ta zo ranar wata Laraba, ana shirin azahar. Na daɗe zaune a bakin gado. Da na ji ƙarar babur ɗinsa, ya dawo da wuri saboda azumi, na rasa da wane baki zan faɗa, shekara ashirin da aure amma kalmar ta ƙi fitowa. Sai na tashi na ɗebo ruwa a randa, na shiga ɗaki, na tsaya a gabansa, rana tsaka cikin Ramadan, na shanye kofin tas.

Ya kalli kofin, ya kalle ni. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Ban san dariya yake ko kuka ba, kuma ban tambaya ba. Da ya ɗago kai abin da ya ce shi ne, "Ƙaro wani ki sha."

Bayan sallah za mu je asibiti tare, a duba hanyar da ta fi dacewa da jikina. Shi ya ce zai shiga har gaban likita.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa kowa ba. A cikin tsoron nan duka, akwai ranar da na ce a raina, in mace ce sunanki za ta ci. Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyarsa ta ci, sauran duk maza. Na yi murna da ruwan da na sha, Inna, amma na ɗan yi kewar wadda ba ta zo ba. Na san da za ki ce mini in zauna in riƙe waɗanda ke hannuna. Na zauna.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya saka miki da gidan Aljanna. Ya bar ni in ga girman jikokinki, Ya saka wa surukinki da alheri, Ya kwantar da hankalin duk macen da ke ƙirga kwanaki ita kaɗai.

Taki har kullum,
Yarinyar nan.