Rasuwar Malam Zailani Ahmadu Riruwai da Zaren Kaset Ɗinsa a Gonakin Dawa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Haɗa Sauti da Kwafar Kaset ta Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanmu kuma malaminmu, Malam Zailani Ahmadu Riruwai, wanda ya koma ga Mahaliccinsa ranar Talata, 8 ga Oktoba, 1996, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara goma sha ɗaya marigayi ya yi a wani ɗan shago bayan kasuwar Riruwai, da rikoda biyu da janareto mai tari, yana haɗa abin da kowa ya ce ba ya haɗuwa. Yakan ɗauko nauyin kiɗan rege, ya ɗora masa gangunan kiɗan Turawa na jangul masu gudu, ya sa samarin gari su yi baitin hib-hob da Hausa, sannan ya saƙa sarewar marigayi Dikko, makiyayin da ya bi har ruga ya naɗi busarsa. Gidan rediyo bai taɓa sa kiɗansa ba. Direbobin Kiru da 'yan acaɓan garin Ƙofa ne suka yaɗa shi hannu da hannu, kuma rabin 'yan ƙungiyar nan a wurinsa suka koyi yanka zaren kaset da liƙa shi.

Wallahi mun so mu tsaya a nan, amma abin da ya biyo bayan jana'izarsa ya fi ƙarfin shiru. Tun ba a yi sadakar uku ba, mai shagon da marigayi yake haya ya ɓalle kwaɗo, ya fito da kwali huɗu na kaset ɗin asali, waɗanda daga gare su ake kwafar duk sauran, ya rabar wa manoma wai tarkace ne. Mai girma Shugaban Ƙungiya, Alhaji Mainasara Bebeji, ya je da ƙafarsa ya ga zaren an zare shi, an ɗaura a kan karan dawa yana walƙiya don korar tsuntsayen jan-baki. Manoman ba su san abin da aka ba su ba, ba mu ga laifinsu ba. Abin ƙyamar shi ne biyu daga cikin 'ya'yan ƙungiyar nan suna tsaye aka yi rabon, suna kallo, kuma su ne suka fi kowa ɗaga murya wajen addu'a a zaman makoki. Tir da wannan hali.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Malama Barakatu, da 'yarsa Halima, da dukan dangi. Allah Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba su haƙurin rashi da na wannan cin fuska.

Kwali ɗaya daga cikin huɗun har yau ba a san inda ya shiga ba. Kowane kaset na marigayi yana da ɗigon jan fenti a kusurwa. Duk wanda ya ga irinsa, don girman Allah kada ya zare, ya kawo ofishinmu na Kiru. Halima ba ta cika shekara biyu ba, kuma a cikin kwalin nan ne kaɗai muryar mahaifinta ta rage.

Hamidu Wada Kiru
Sakataren Yaɗa Labarai na Ƙungiya