Ƙulli Ɗaya, Saura Wata Tara

Santiago, 4 ga Maris

Mama,

Ki sa mini albarka. Ya jikin naki, kumburin ƙafar ya sauka? Ya Yudelka da makaranta? Ki ce mata babanta na gaishe ta.

Gara ki ji daga bakina kafin 'yan tsegumin garinmu Neiba su kawo miki da ƙari. Ranar Talata da rana tsaka 'yan sanda suka tare mu a bakin gada, ina bayan ɗan acaɓa, na sayo wa maigidana Don Fausto kafinta ƙusoshi. Suka laluba ni, suka sami ƙullin wiwi a aljihun riga, bai kai kan yatsa ba. Kwana biyu na yi a hannunsu. Da wani ne da tuni an wuce wurin. Amma ni sakin sharaɗi aka yi mini, saura wata tara wa'adina ya cika, don haka ran goma sha tara zan tsaya gaban alƙali. In ta soke sakin, shekara biyu ke jirana a gidan yari.

Rigar ba tawa ba ce, Mama, aro na yi wajen Wilkin, abokin aikina. Kada ki sa abin a ranki.

Ɗanki,
Eladio

Santiago, 13 ga Maris

Mama,

Albarkarki nake nema, in da saura. Ina fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso, na ji har kin kunna mini kyandir a coci.

Wannan kyandir ɗin ne ya hana ni sakat. Ƙarya na yi miki. Rigar tawa ce, ƙullin ma nawa ne, da ƙafata na je na saya. Tun da na fito daga gidan yari, in na ji an rufe ƙofar ƙarfe, ko ta kanti ce, sai ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya gagara. In na ɗan busa sai ya sake ni. Ba uzuri nake kawowa ba, abin da ya faru ne.

Na kasa zama wuri ɗaya. Sau uku ina haɗa jaka ina kwancewa. In an zubo mini mangu, dakakkiyar ayabar nan, da safe, sai ya huce ban taɓa ba. Jiya na yi ta goge ƙofa ɗaya har Don Fausto ya ce, “Kai Eladio, takarda za ka mayar mini da katakon nan?” Na yi dariyar yaƙe. Shi ne fa ya sa hannu ya tsaya mini aka sako ni, kuma shi ma labarin rigar aro na ba shi. Tun ranar Don Fausto ko gaisuwar Wilkin ba ya amsawa.

Lauyata ta ce in riƙe zancen, tunda Wilkin bai taɓa shiga hannu ba, iyakarsa gargaɗi. To amma matarsa ta haihu watan jiya. Ɗazu ya raba mini ayabarsa biyu yana cewa, “Ci mana, ɗan'uwa, ka zama kamar sandar tsintsiya.” Bai ma san abin da na ɗora masa ba. Na ajiye ayabar ban ci ba.

Saura kwana shida. Ban san me bakina zai faɗa ba.

Ɗanki,
Eladio

Santiago, 20 ga Maris

Mama,

Ki sa mini albarka, ki kuma zauna da kyau: daga ɗakina nake rubuto miki. Ina gaishe ku duka.

Da alƙali ta ce rigar wa ce, lauyata ta taka mini ƙafa. Na ce tawa ce, ranki ya daɗe. Ban iya waiwayawa ba, don Don Fausto na bayana. Aka tambaye shi ko har yanzu yana tsaya mini. Har na fara tunanin wa zai aiko miki da kayana. Sannan ya miƙe ya ce, “Sati biyu yana mini ƙarya, wannan ban yafe ba. Amma shekara guda mabuɗin shagona na hannunsa, ko guduma ba ta ɓata ba. Ina nan.”

Alƙali ba ta soke sakin ba. Sai dai kowace Litinin zan je in sa hannu, za a riƙa gwada fitsarina, zan kuma ga likita kan ƙirjin nan. Ba ni ba barin Santiago sai wa'adi ya cika, don haka bikin Ista ba da ni ba.

Wilkin na same shi da kaina na gaya masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ɗauki zartonsa ya koma can ƙarshen shago. Ban ga laifinsa ba.

Da muka fito daga kotu Don Fausto ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi, na kama da hannu biyu. Ya ce, “Mabuɗi.” Na ciro na ba shi. Ya jefa a aljihu, ya yi taku uku, ya juyo.

“Gobe ƙarfe bakwai. Ka jira a waje sai na zo na buɗe.”

Yau da safe tun shida da rabi na je na tsaya a ƙofar, Mama.

Ɗanki mai neman albarka,
Eladio