Sakatar Ɗakin Auta

Assalamu alaikum, Autarmu ta kaina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Allah ya ƙara miki juriya, ya tsare mana ke a inda idonmu ba ya kaiwa, amin. Mu nan kowa lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaya tsakar gida tana yi wa kaji faɗa. Yara sun koma makaranta, kunnena ya huta. Baba yana nan a shagonsa na kafinta, sai dai ƙarfin ba kamar da ba. Maganarsa ce ma ta sa na zauna rubuta miki, don idan a waya ne, kin san ni, kuka zai hana ni kai ƙarshe.

Mujallar da kika aiko mai ɗauke da labarinki ta iso. Auta, ashe haka kike? A tsaye na karanta shi a kicin har tukunya ta kama ban sani ba. Wa ya ba ki wannan tunani, a ce ga gari inda inuwar kowa ke tashi da safe ta tafi aiki wata ƙasa, ta dawo da yamma a gajiye ta kwanta a ƙafar mai ita? Shi kuma mai ba da labarin, wanda ba ki taɓa faɗa mana ko wane ne ba, tasa ta tafi ba ta dawo ba. Inda yake raɓewa jikin bango a kasuwa don kada a gane ba shi da inuwa, nan na yi hawaye. Sai kuma ƙarshen: shekaru sun wuce, wata safiya aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya sunkuya ya ɗora hannu a kan sakata, shi ke nan! Na juya shafi ina neman saura, sai na ci karo da tallar sabulu. Wallahi da kina kusa da kin sha ranƙwashi, amma ina alfahari da ke ba kaɗan ba.

Ranar hutu na tafi da ita gida na karanta wa kowa a falo, aka kuwa kaure da gardama. Inna ta ce inuwar nan rai ce, mai ƙwanƙwasawa kuma ajali ne, ta shiga tambayata ko dai ba ki da lafiya kina ɓoye mana. Mijina, Sarkin Musu, ya gyara tabarau ya ce sam, magana ce a kan ƙasashen da matasansu suka watse neman aiki, kuma inuwa ba ta da hannu, don haka babu wanda ya ƙwanƙwasa, kewa ce kawai ta buga a kunnen mutumin. Kawu direba ya ce shi dai a ganinsa tawada ce ta ƙare miki. Ni kuwa duk wanda ya yi magana sai in ji kamar shi ne da gaskiya. Fahimta fuska, kowa da irin tasa.

Baba yana gefe riƙe da rediyo a kashe, wai shi ba ya saurare. Kin san tun ranar da kika tafi ba da son ransa ba, ya ce wanda ya sa ƙafa ya fita kada ya dawo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, bai ƙara ambatar sunanki ba. Sai ga shi ya miƙe, ya ce shi ya gane sarai: shi aka mayar mutumin da ba shi da inuwa, an kai shi duniya ana yi masa dariya, kuma yarinya ta faɗa da bakinta ta tafi ke nan. Ya ce gobe zai kwashe kayan ɗakinki, ya cire ƙofar, ya zuba katako. Nan take na tuna kin tambaye ni ko ki zo gida a hutunki na ƙarshen shekara ko ki yi zamanki, ni kuma ina ta ja miki rai saboda ban san me zan ce ba.

Washegari da safe na je don in tattara littattafanki kada ƙura ta ci su. Na same shi a cikin ɗakin da kayan aikinsa, ya tura ƙofar zai fara da cire sakata. Ya kai hannu inda ya saba samun sakata, sai ya taɓa katako fayau. Dole ya sunkuya. Auta, a sunkuye ya tsaya ya daɗe bai ɗago ba. Kin san al'adarsa, ba ya kafa sakata sai mai ɗaki ya zo ya miƙa hannu ya gwada. Ke kuwa lokacin kina ƴar mitsitsiya, kika kafe ke ce mai ɗaki, ya biye miki ya kafa ta daidai hannunki, Inna ta yi shekaru tana mitar ciwon baya.

Ya ce in ɗauko mujallar in karanta masa ƙarshen. Na karanta, ya ce in sake. Sannan ya ce duk gidan nan babu sakatar da ake sunkuya wa sai wannan, kuma ta ciki ce. Ya ce to ashe ba shi ne a cikin ɗaki ba, ke ce, kin girma kina sunkuya wa sakatar ƙuruciyarki. Sai ya ƙara da cewa in haka ne, wanda ya tafi ya ƙi dawowa shi ne, ko da yake yana zaune a gida. Ban taɓa ganin Baba yana share ido da hular kansa ba sai ranar, ni ma na kasa riƙe nawa.

Sarkin Musu ya ce wataƙila ma ba ki yi nufin haka ba, kalma ce kawai ta zo miki. Ni ban sani ba, kuma ba zan tambaye ki ba. Abin da na sani, da kin rufe labarin ruf kin faɗi wanda ke bakin ƙofa, da Baba bai sami inda zai tsaya ba. Bai cire ƙofar ba. Mai ya ɗiga mata ta daina ƙara, ya share ɗakin da kansa. Da na ce ko zai ɗaga sakatar sama tunda kin yi tsawo, ya ce a bar ta sai mai ɗaki ta zo ta miƙa hannu.

Inna tana gaishe ki, ta ce duk da haka ki je a auna ki ta ji hankalinta ya kwanta. Kawu ya ce zai aiko miki da biro. Mijina da yara suna miƙo gaisuwa. Baba kuwa bai ce in gaishe ki ba. Ya raka ni har bakin titi, abin da bai saba ba, ya kira sunanki, ya ce in gaya miki yana waje yana ƙwanƙwasawa.

Ki sayi tikitin, Auta.

Taki har kullum,
Yaya