Inci Tara da Rabi

Litinin, 3 ga Maris

Cikina wata bakwai cif yau, in lissafin asibiti daidai ne. Da safe na sauko daga gado, ina taka ƙasa na ji kamar an soka mini ƙusa a dunduniya. Sai da na dafa bango na kai banɗaki. Maigida yana ɗaura agogo ya juyo ya ce lafiya? Na ce ƙafata ce ta sage. Ya yarda, shi dama ba ya wuyar yarda.

A shago na taka keken ɗinki tun takwas har azahar. Da na zare silifas na ga igiyarsa ta bar shata a bayan ƙafata. Na danna wurin da yatsa, ya lotsa, ya daɗe bai taso ba. Na san wannan lotsawar. Ba zan rubuta inda na san ta ba.

Laraba, 5 ga Maris

Zan rubuta, tunda ba wanda zai karanta.

Yaya. Shekara huɗu kenan. Cikinta wata takwas ƙafafunta suka kumbura har ba ta da takalmin sawa. Ni ce nake zuwa gidanta da yamma ina matsa mata su da mai, ina yi mata dariya, ina ce mata giwa. Ta ce kanta na ciwo, na ce rana ce. Ta ce tana ganin wasu ƙananan taurari a ido, na ce yunwa ce, ci abinci. Kwana biyu bayan nan ta faɗi tana jijjiga a tsakar ɗaki. Daga ita har abin da ke cikinta ba wanda ya dawo daga asibiti.

Da bakina na ce mata ba komai ba ne. Yanzu ga ƙafata.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau ranar awo. Ban je ba. Na ce wa maigida an ɗaga.

Asabar, 8 ga Maris

Na samo dabara. Ni tela ce, ga tef a wuyana kullum, me zai sa in zauna ina ta zato? Kowace safiya kafin Anti mai shagonmu ta iso zan auna idon sawuna in rubuta a nan. In lambar ba ta hau ba, ba abin da ke faruwa, ba sai na je a ɗaura mini abin awon jini a dantse ina kallon fuskar nas ba. Fuskar nas nake tsoro fiye da allura.

Dama, tara da rabi. Hagu, tara da rabi.

Na ɗan ji sanyi a raina. Har waƙa na yi ina yanka hannun riga.

Litinin, 10 ga Maris

Tara da rabi.

Dunduniyar dai tana nan. Yanzu har tsakiyar tafin ƙafar ke ja, kamar zare ya yi wa keke gajarta. Na koma taka fedar da gefen ƙafa, ɗinkina ya fara karkacewa, Anti ta sa na farke wuyan riga sau biyu. Ta ce, "Ke yau idonki ne ko hannunki?" Na ce hannuna.

Talata, 11 ga Maris

Matar mai kantin magani ta zo awon riga. Tun daga ƙofa take cewa ita fa ƙugunta talatin da huɗu ne tun tana budurwa, kada wanda ya ƙara mata. Anti ta zagaya mata tef, ta ja shi har matar ta riƙe numfashi, ta ce da ƙarfi, "Talatin da huɗu cif, Hajiya, ke ba kya tsufa!" Sannan ta saki tef ɗin a hankali kamar tana gyara shi, ta saka yatsa ɗaya a ƙarƙashi, ta leƙa, ta rubuta arba'in a littafi. Haka muke yi wa irinsu tun ina koyo. Lamba biyu ce, ta kunne da ta littafi. Ta kunne don mai kaya ta tafi da fara'a, ta littafi don rigar ta shiga. Bayan ta fita muka yi dariya har na manta da ƙafa na miƙe tsaye da sauri. Na tuna nan take.

Da yamma na jiƙa su a roba da ruwan sanyi. Ya yi daɗi minti goma. Ɗan cikin ya yi ta harbi, ko ruwan ne ya ji, oho.

Alhamis, 13 ga Maris

Tara da rabi. Ranar awo ta sake wucewa.

Silifas ɗina ba ya shiga, na maigida na sa. Ya neme shi ya gaji, ya fita da takalmin aiki. Da ya gan shi a ƙafata da yamma sai ya yi dariya ya ce an fara gadonsa tun yana raye. Ban yi dariya ba. Ya ce wasa nake yi miki fa. Na ce na sani.

Mama ta kira. Ta ce yaya jikin, yaya ƙafafu? Ƙafafu ta fara tambaya kafin abinci, kafin komai. Na ce ras suke. Na ja zane na rufe su, kamar tana gani ta waya. Ɗiya ɗaya ta rage mata, ba zan ce mata an sake ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban fita ba. Na kwanta na jingina ƙafafu a bango kamar yadda wata kwastoma ta ce tana yi. Ina kallonsu daga ƙasa, ban gane su ba. Ƙashin idon sawun nan da ke fitowa ya ɓace. Amma tef ya ce tara da rabi, to me nake so kuma?

Sallah ma a zaune nake yi yanzu. Ina ta sauraron kaina ko zai yi ciwo. In na juya ido da sauri sai in tsaya in duba ko taurari ne. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji, ba na son in mutu.

Talata, 18 ga Maris

An kama ni.

Anti ta zo da wuri yau don akwai kayan makaranta da za mu gama. Ta same ni a kan benci, ƙafa ɗaya a kan kujera, tef a idon sawu. Ta tsaya tana kallona har na gama na ce mata, kamar ba komai, "Tara da rabi, kin ga bai canja ba."

Ta ajiye jaka. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Dubi hannunki." Na duba. Yatsuna sun yi fari don ja, tef ɗin ya nutse a cikin nama har ba a ganin gefensa. Wallahi ban san ina yi ba. Ko na sani? Ban sani ba.

Ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo, ta karɓi tef, ta sake shi, ta saka yatsa ɗaya a ƙarƙashi. Sha ɗaya da rabi. Ɗayar ma haka. Ta ce, "'Yar nan, shekara tara ina koya miki, sai ki rubuta lambar kunne a littafi? Wa za ki faranta wa?"

Sai kuka. Na gaya mata komai, awo biyu da na tsallake, ƙaryar da na yi wa maigida, giwar da na ce wa Yaya. Ta san Yaya, ita ta ɗinka mata kayan aure. Ba ta lallashe ni ba ko kaɗan. Ta zare makulli ta rufe shago da kayan makarantar mutane a ciki, ta ce tashi. Na ce gobe. Ta ce in na sake cewa gobe za ta kira Mama yanzun nan a gabana.

Laraba, 19 ga Maris

Jiya ban iya ƙarasa rubutu ba.

A asibiti mun zauna a dogon benci kusan awa biyu. Warin wurin bai canja ba. Ina ta ƙirga tayil ɗin ƙasa don kada in kalli hanyar da ke zuwa ɗakin da aka kwantar da Yaya. Nas ɗin wata gajera ce mai tabarau. Ta duba katina ta ce ina na shiga sati biyu? Anti ta ce, "Tana gida tana auna kanta da tef." Nas ta cire tabarau ta kalle ni.

Ta ɗaura abin a dantsena. Na rufe ido. Ya matse, ya saki. Ta sake ɗaurawa a ɗayan hannun. Ta ce jinin ya ɗan hau, ba sosai ba, amma ya hau. Aka gwada fitsari, aka ce shi lafiya lau. Likita ta zo ta latsa ƙafafun, ta duba fuska da hannu, ta saurari bugun zuciyar ɗan. Na ji shi da kunnena, da sauri-sauri.

Abin da na riƙe daga maganarta: kumburin ƙafa da ciwon dunduniya yawancin masu ciki suna yi, nauyi ne da tsayuwa da takalmi maras tudu, ba su ne abin tsoro ba. Jinin ne za a sa wa ido, kuma tef ba ya auna shi. Ta rubuta magani. In zo Litinin da Alhamis ba fashi. In kaina ya yi ciwo, ko na ga taurari, ko fuska ta kumbura, in taho ko a wane hali nake.

Na ce mata yayata haka ta fara. Ta ce, "To ke kin zo da ƙafarki." Ban san ko na ji daɗi ko ban ji ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na gaya wa maigida. Ya ce, "Ni kike kwana da shi ɗaki ɗaya." Shi ke nan abin da ya ce, ya fi mini zagi ciwo. Da rana ya dawo da wani takalmi mai faɗi mai taushin ciki, mummuna na ƙin ƙarawa. Na sa. Dunduniyar ta ragu, ba zan yi masa ƙarya ba.

Anti ta hana ni keke. Ta ba ni saka maɓalli da kalmasa da hannu, ƙafata a kan kwalin zare.

Litinin, 24 ga Maris

Jini bai hau ba, bai sauka ba. Haka nas ta ce a awon yau.

Mama ta zo jiya, na bar ƙafafun a buɗe. Ta kalle su ta kau da kai, ta shiga kicin ta daɗe tana wanke kofi ɗaya. Da ta fito ta ce Alhamis da ita za a je.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Wata takwas yau. Daidai inda Yaya ta tsaya. Tun da na farka nake ji a ƙirjina, ban ce wa kowa ba, Mama ma ba ta ce ba, amma a mota ta riƙe mini hannu har muka sauka.

Jini ya ɗan sauka. Nas mai tabarau ta ce in ci gaba da yadda nake yi. Ƙafafun suna nan yadda suke, da safe har yanzu sai na dafa bango. Tsoron ma yana nan, bai je ko'ina ba.

Ina mayar da mummunan takalmin nan sai haushinsa ya kama ni, na ce wa nas, "Wai bayan na haihu ƙafar za ta koma, ko haka zan yi ta yawo da wannan ina goyo?" Ta ce yawanci tana komawa, wasu kuma sai sun ƙara lambar takalmi. Tambaya ce kawai, ba wani abu ba. Ban ma lura cewa "bayan na haihu" na ce ba, kamar mai tabbacin zan ga ranar, sai da na juyo na ga Mama ta toshe baki da gefen mayafi.