Zuriyar Sarkin Rowa

Gwaggo Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki? Yaya Baba Sule da yara da mutanen Jos? Mu nan Manchester sai godiya.

Gwaggo, na gano zuriyar Baturen haƙar kuzan nan da matarsa, waɗanda Kaka Audu ya yi wa aikin kuku shekara ashirin. Wata tattaɓa-kunnensu ce a Birmingham ta nemi mai jin Hausa, aka haɗa mu, ranar Asabar na je.

Ta baje mini littafin asalinsu tana ta hura hanci. Kowa yana ciki, har karensu da sunansa. Kaka kuwa ga shi a hoto, tsaye bayan kujerar uwargida, an rubuta "mai aiki" kawai.

Sai ta nuna mini wasiƙar kakan nata, yana alfaharin wai mutanen gari sun ba shi sarauta. Wai in fassara mata sunan sarautar, za ta buga a bangon littafin. Gwaggo, Sarkin Rowa! Sunan da kika ce Kaka ya laƙaba masa saboda kulle sukari a akwati. Shekara ɗari suna tinƙaho da zagi!

Ban faɗa mata ma'anar ba, na dai ce, "Ai ya cancanta, amma sai kin sa sunan wanda ya naɗa shi." Na ba ta sunan Kaka, ta rubuta Audu da hannunta.

Awa uku ina gidanta, shayi kofi ɗaya da biskit ɗaya ta ba ni. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Allah ya jiƙan Kaka, naɗinsa bai faɗi ƙasa ba.

Ɗanki,
Nasiru