Na Tare Totur ɗin Motar 'Yata, Ita Kuwa Kanta Take Zargi

Hajiya Hindatu, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don Asabar ta sama nake tsoro. Na yi wani abu da hannuna, yanzu ya tsaya mini a wuya, ko matata na kasa gaya wa.

Ni bakanike ne a nan Jidda. Shekara talatin da huɗu ke nan da na zo aikin Hajji na yi zamana. Na sha wuya kafin Allah ya haɗa ni da kafili na kirki, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, a warsharsa, inda nake gyaran mota har yau. A unguwar Karantina muka zauna har aka rushe ta, yanzu muna unguwar Safa, a gidan da 'yata ta kama mana. Bari in kira ta Sajida, ba sunanta ba ne. Ita ce autarmu, shekararta ashirin da bakwai, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. A nan aka haife ta. A yi mata Hausa ta amsa da Larabci, sai ranta ya ɓaci sosai Hausar ke fitowa, ita ma a karkace.

Yarinyar nan tun tana rarrafe take son mota. Laifina ne, ban musa ba, ni na riƙa ɗora ta a cinya ina kama mata sitiyari. Da aka yarje wa mata tuƙi a ƙasar nan, duk danginmu ita ta fara karɓo lasisi. Bara ta sayo wata 'yar motar gudu ta hannu, ja, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Ta ce ba a titi za ta yi gudu da ita ba, halba za ta kai ta. Halba fili ne a bayan gari, kwalta mai kwana-kwana a killace. Akan ware rana a buɗe wa masu sha'awa, kowa ya zo da motarsa ya zagaya, ga masu koyarwa, ga motar asibiti a tsaye. Ba tsere ake yi ba, amma ana auna wa kowa lokacinsa.

Uwarta ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta juyo kaina, wai ai ni ne bakanike, in san yadda zan yi 'yarta ta dawo mata da ƙafafunta. Ni kuwa Hajiya, sama da shekara talatin ina ganin abin da janwe ke saukewa a ƙofar warsha. Na san yadda ƙarfe yake nannaɗewa. Wani lokaci ka ɓalle ƙofa ka tarar da takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin birki, kuma ba ka tambayar ina mai shi.

Duk da haka na shirya motar, kuma wallahi ban taɓa yi wa motar kowa aiki irin wannan ba, har ta kafilina. Na zubar da man birki na sa mai jure zafi. Na canja fahamat, wato abin da ke damƙe faifan birki. Tayoyin da ta zo da su zanensu cif, amma na karanta shekararsu a gefe, shida, zafin Jidda ya busar da su kamar kilishi, na ce a cire. Na wanke lagireto, na juye baƙin mai, kowane notin ƙafa na ɗaure shi da awo. Na kwashe shimfiɗar ƙasa, har carbin da uwarta ta rataya a madubi sai da na cire, don ba a barin abin da zai yi yawo a ciki. Ita ma direbar ban bar ta ba. Kujera ta matso har gwiwar hannu ta lanƙwasa, ido can gaba ba kan hancin mota ba, ruwa ta fara sha tun ana saura kwana biyu. Ita dai ba abin da take cewa sai yalla, yalla, wai in yi sauri. Uwar ma, da duk faɗan nata, ita ta zauna ta ɗinka mata ɗankwali mai laushi wanda ba ya buƙatar allura, don ya zauna lafiya cikin hular kwano.

To ga ɓarnar. Ranar Alhamis kafin zuwanta halba na farko, bayan la'asar, motar na warsha, kowa ya fita shan shayi, na kwanta a ƙarƙashin sitiyari na ɗaura wani ɗan guntun ƙarfe mai kan roba a bayan totur. Aikin minti goma. Ko ta taka da iya ƙarfinta, totur ba zai wuce kashi biyu cikin uku ba, kuma ƙafa za ta ji kamar ta kai ƙasa. Na ce a raina ta je ta zagaya a hankali, ta kashe ƙishirwarta, shi ke nan. Masu duba mota a halba suka duba taya, suka duba ko mai na ɗiga, ba wanda ya leƙa can.

Zuwan farko, wata uku da suka wuce, ina tsaye a bakin shinge. A kwana, tabarakallah, kamar an zana mata layi tana bi. Amma da an fito miƙaƙƙiyar hanya sai kowa ya wuce ta, har wani dattijo da ya zo da motar kai yara makaranta. Mai koyar da ita, wani Balarabe mai suna Badr, mutumin kirki ne amma bakinsa ba ya riƙe magana. Ya zauna a gefenta zagaye uku, suka fito ya ce hannunta mai kyau ne, zuciya ce babu, tsoron totur take ji. Ta rantse masa ƙafarta a ƙasa take. Ya yi dariya ya ce duk sababbi haka suke rantsuwa. Ina nan tsaye da gorar ruwa a hannu, na ji komai, ban ce uffan ba.

Na zaci za ta haƙura. Ashe ban san 'yar da na haifa ba! Ta dawo gida ta duƙufa kan kallon zagayen da ta ɗauka a waya, ta yanke wa kanta cewa tunda ta kasa cin lokaci a miƙe, za ta ci shi a birki, wato ta jinkirta takawa har sai kwana ta zo mata daf. A zuwa na biyu, watan jiya, a ƙarshen doguwar hanyar ta makara. Mota ta juya da ita sau ɗaya da rabi ta faɗa cikin tsakuwa, ƙura ta turnuƙe. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba ta yi ba, bamba ce kawai ta goge. Amma kin san abin da ta yi? Ta cire hular kwano ta zo ta ba ni haƙuri, da karkatacciyar Hausar nan tata, wai ta ɓata mini aiki, wai na ba ta mota mai kyau ita ce ba ta iya ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar abinci ba ya mini daɗi. Ita ma ta rage surutu, mota ta yi sati biyu a ƙofar gida ko wanke ta ba ta yi ba. Yanzu ga zuwa na uku Asabar ta sama. Ta ce in wannan karon ma haka ne, za ta sayar da ita, ta yarda ba ta da zuciya. Allah ya yafe mini, da na ji haka sai da wani ɓangare na raina ya yi murna. Sai kuma shekaranjiya ta ce Badr ya yi alkawarin zai tuƙa motar da kansa da safe, don ya nuna mata motar ba ta da laifi. Mutumin da ya san mota, zagaye ɗaya ya ishe shi ya gane.

Na yi tunanin in lallaɓa in cire abin ba wanda ya sani, ta ga mota ta ƙara ƙarfi ta ce ai ta iya. Na yi tunanin in ce na gano matsala a inji, kada ta je. Faɗin gaskiya kuwa, sau uku ina buɗe baki ina rufewa. Yarinyar nan ko noti na ce ya ɗauru ba ta sake dubawa. Tana gaya wa ƙawayenta babanta ya fi kowa iya mota a Jidda. In ta ji, da wane ido za ta dube ni? Ba mugunta na nufa ba, wallahi tallahi tsoro ne. Ki gaya mini abin yi, ko da zai yi ɗaci.

Bakanike mai nadama, Safa, Jidda

Baban Sajida,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga mugun uba a ciki ba. Tsoronka na gaskiya ne, na mahaifiyarta ma haka. Gudun mota ba wasa ba ne ko a cikin shinge, kuma duk wanda ya haifa zai gane abin da ya kwantar da kai a ƙarƙashin sitiyarin nan. Amma ka ce in faɗa ko da ɗaci, to ga shi: ka zalunci yarinyar nan, kuma juyawar da ta yi cikin tsakuwa, guntun ƙarfenka yana da hannu a ciki. Ka fi ni sanin haka.

Ni ba bakanikiya ba ce, saboda haka na tambayi wani da ya daɗe yana shirya motocin halba, ban kama sunan kowa ba. Da na zo kan dabararka ta farko sai da ya dafe kai. Ya ce ita ce mafi haɗari duka. Direbar da ta saba da kashi biyu cikin uku na ƙarfin mota, ta kuma koyi jinkirta birki, in aka miƙa mata cikakken ƙarfi ba ta sani ba, za ta iso kwanar nan da gudun da ba ta taɓa isowa da shi ba, ta taka birki a inda ta saba. Kada ka kuskura. Ya ƙara da cewa duk abin da aka ɗaura kusa da totur da birki, komai ƙwarewar mai ɗaurawa, zafi da girgiza na iya kwance shi. Dabara ta biyu kuwa ƙarya ce a kan ƙarya, kuma sati nawa za ta rufa maka asiri?

Ka gaya mata yau ko gobe, ba safiyar Asabar ba, don ta sami kwanakin yin fushi ta huce. Mutum ba ya shiga halba da rai a ɓace. Ka kai ta warsha, ku biyu kawai, ka ba ta tocila ta leƙa ta gani da idonta, ka ba ta sifana ta kwance da hannunta. Ka faɗi abin da ka yi a taƙaice, ka ba ta haƙuri. Kada ka fara da tarihin motocin da janwe ya kawo maka, kuma kada ka jingina wa uwarta, ita cewa ta yi ka kula, ba ta aike ka ɗaura ƙarfe ba. Na san bai wa ɗan cikinka haƙuri yana yi mana nauyi mu Hausawa, amma ba zai rage maka girma ba.

Sai Badr. A gabanka ya ce ba ta da zuciya ka yi shiru, don haka kai za ka je ka gyara maganar, ita tana tsaye tana ji. Dole ma ya sani, don ya mayar da ita cikin sababbi, ya zauna a gefenta, ta koyi wurin birki daga farko kamar sabuwar mota ta saya. In shi da ita suka ga a ɗaga zuwan Asabar ɗin nan, a ɗaga.

Ka shirya wa abin da zai biyo baya. Tana iya daina yi maka magana na 'yan kwanaki. Tana iya cewa daga yanzu wani bakanike ya riƙa duba motar bayan ka gama. Wannan zai yi maka zafi ƙwarai, amma ka haɗiye, kai ma ka kai ta wurin wanda ka yarda da aikinsa. In kuma har yanzu kana ganin bai kamata ta ci gaba ba, kana da ikon faɗa, kai ne ubanta. Ka zaunar da ita ka ce tsoro kake ji, ka nemi sharaɗi a fili: mai koyarwa a gefenta, ta tsaya in ta gaji. Mai shekara ashirin da bakwai ba yarinya ba ce, tana iya yarda, tana iya ƙi. Sauran tsoron ka zuba shi a birki da taya, inda yake da amfani.

Ka tambaye ni da wane ido za ta dube ka. Ban sani ba, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Abin da na sani, wata uku ke nan 'yarka tana kwana tana tashi da tunanin ita matsoraciya ce, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya san ba haka ba ne. Tashi ka je ka gaya mata.

Allah ya ba ka ƙarfin buɗe baki, ya sanyaya zuciyarta a kanka, ya dawo muku da ita gida lafiya duk ranar da ta fita.

Hajiya Hindatu